Sunan da Aka Saya da Kofin Shayi

Sai da gatari ake fasa ƙanƙarar kogin Kamenka, kuma a bakin ramin da aka fasa ne Ustinya take durƙushe tun hantsi bai dubi ludayi ba, tana dirzar rigunan sojojin gadi. Yatsunta sun daɗe da daina jin sanyi. Sun tsattsage kamar tsohuwar fata, jinin da ke tsatsowa yana daskarewa kafin ya kai ga ruwa. A gadon bayan rigarta mai ruwan toka an ɗinka ƙyalle rawaya, tambarin da ke gaya wa kowa tun daga nesa cewa mai wannan riga ta zubar da jini. Wayyo duniya! Yarinyar da ko kaza ba ta taɓa iya yankawa ba...

Sojan da ke tsaye a bakin gaɓa ya hura hannuwansa, ya fara kiran suna da muryar da ta gaji da kanta.

"Domna Sizoba."

"Ga ni," in ji Ustinya.

Kullum haka take amsawa, safe da yamma, shekara tana bin shekara, kuma kullum sai ta ji kamar ta haɗiyi garwashi.

"Ke mai kisan miji, turo min sabulun nan," in ji Iya Fyokla, tsohuwar da ke wanki kusa da ita, wadda haƙoranta suka ƙare a gidan yari amma bakinta bai mutu ba. "Ki daina kallon ruwan nan haka, ba zai aure ki ba. Ni dai da na ƙone rumbun mai gonarmu aƙalla na ji ɗumi ranar. Ke fa, me kika samu?"

"Kofin shayi, Iya."

"Da sukari dai, ko?"

"Da sukari."

"To ai ba ki faɗi ƙasa warwas ba." Tsohuwar ta sassauta murya, ta matso. "Share idonki, Ustinya, kar hawayen ya daskare ya manne miki gira."

A duk faɗin wannan wuri na duwatsu da ramukan zinariya da ke bayan tafkin Baikal, mutum biyu ne kawai suka yarda wannan ne sunanta, kuma Iya Fyokla ce ɗaya.

Ustinya Zimina marainiya ce daga ƙauyen Olhofka. Itace ya faɗa wa mahaifinta a daji, zazzaɓi ya ɗauke mahaifiyarta kafin a nome gonar shekarar, sai Baffa Yermolai, yayan mahaifinta, ya haɗa ta da gona da amyoyin zuma ya kwashe zuwa gidansa. Ta tashi tana yi wa 'yarsa Domna bauta: ita ce tsefe mata kai, ita ce ɗumama mata takalmi a bakin murhu. Da Domna ta yi aure, aka tura Ustinya ta bi ta. Ba a rufa shekara biyu ba mijin ya kama amai da ƙishirwa, yana ihun cikinsa na ci da wuta, har ya cika. Likita ya ce maganin ɓera ne. A gaban alƙali, Baffa Yermolai ya ɗora hannunsa a kan Linjila ya rantse cewa da idonsa ya ga Ustinya tana sayen farin garin a kasuwa. Ba don ya ceci 'yarsa ya yi ba, wannan ta riga ta kama kanta. Ya yi ne don gonar ta zama tasa, kuma kamar yadda ya faɗa wa matarsa a bakin kotu, Ustinya na ji: "'Yata ba za ta taka har Siberiya ba mai wanke mata ƙafa." Alƙali ya yanke wa Domna shekara ashirin na aikin wahala. Ita kuwa Ustinya, da yake shaidar ba ta yi ƙarfi ba, aka ce a kai ta wani ƙauye can a Siberiya ta zauna ta yi nomanta, ba sarƙa ba kurkuku.

Haka aka kora su a ayari ɗaya, a ƙafa, wata da watanni, daga zango zuwa zango. Duk wanda ya bi wannan hanya ya san al'adar musanyar suna. Sojojin rakiya suna canzawa a kowane zango, ba wanda ya san fuskar kowa, suna kawai suke kira. Mai hukunci mai nauyi sai ya nemi wani mai sauƙin hukunci, su sha daga kofi ɗaya a gaban shugaban da fursunoni suka zaɓa wa kansu, su yi musanyar riga, shi ke nan magana ta ƙare. Wanda duk ya koma ya warware, ba gwamnati ce za ta hukunta shi ba, 'yan uwansa fursunoni ne, kuma ba a cika samun gawar da wuri ba.

Gab da inda hanya ta rabu biyu, zazzaɓi ya kayar da Ustinya. Tana kwance a kan katako tana rawar ɗari, ba ta bambance bango da mutum, sai ga Domna da kofin shayi mai tururi da rigar fatar tumaki.

"Sha, ƙanwata," ta ce, da wata murya mai laushi da Ustinya ba ta taɓa ji daga bakinta ba. "Ke ba za ki iya tafiya gobe ba. Mu masu aikin wahala ana ɗora marasa lafiyarmu a keken doki. Ki amsa sunana kawai ki hau, in kin warke mu mayar."

Ustinya ta sha, har tana sa mata albarka. Ba ta lura da ƙaton shugaban fursunonin da ke tsaye yana kallo ba, ba ta ga Domna ta kurɓi ragowar ba... Da ta farfaɗo, tana cikin keken doki da ƙyalle rawaya a bayanta, ayarin Domna kuwa ya bi ta arewa tuntuni.

Ta yi magana, ta yi. Ta durƙusa gaban wani hafsa a Kamenka ta faɗi gaskiya, ya sa aka tsula mata tsumagiya don ta raina masa hankali. Da ta koma ɗaki, wasu mata biyu suka danne ta suka datse mata kitso da wuƙa, suka ce wannan karon gashi ne. Daga nan ta kama bakinta.

Wuri ɗaya ya rage mata a duniya. Sau ɗaya a shekara, cikin babban azumin Kiristoci, limaminsu Fada Nikandar yakan ba fursunoni jibin Ubangiji, wato burodi da ruwan inabi masu tsarki, a 'yar majami'ar katako. Zai ɗaga cokalin azurfa ya tambayi kowa sunansa na baftisma, don da wannan sunan aka san mutum a sama. Ɓarawo yakan yi wa alƙali ƙarya, ya yi wa gwamna ƙarya, amma ba a taɓa jin wanda ya yi ƙarya a gaban wannan cokali ba, don kowa ya san wanda ya karɓa da sunan wani, albarkar can take tafiya, shi kuma ranar mutuwarsa mala'iku su zo su yi ta kira ba su same shi ba.

"Baiwar Allah wa?"

"Ustinya," takan raɗa, hawaye na zuba.

Shekarar farko tsohon ya tsayar da ita bayan an watse. Ya saurare ta har ƙarshe. "'Yata, Allah ya ji, ni ma na ji. Amma ofis ba ya jin bakin mutum ɗaya, balle mai ƙyalle a baya. Sai dai ita ta faɗa da bakinta a gaban shaidu."

"Ina zan gan ta, Baba?"

"Wanda ya raba hanyar nan biyu ya san inda za ta haɗe."

Ta kuwa haɗe. Bayan shekaru, a wannan hunturun, aka kawo sabon mai kula da rumbunan abinci na gidan yari, wani dattijo mai tsoron Allah da ake kira Safron Lukic, wanda matarsa ta fari ta rasu ya sake aure a wani ƙauye na arewa. Amaryar tana son 'yar aiki, don haka ranar nan aka taso matan daga bakin kogi aka jera su a tsakar gida. Wata mace ta fito cikin rigar gashin dila har ƙasa, kumatunta jajur, tana toshe hanci da hankici. Ta bi layin a hankali... ta tsaya.

Ustinya ta ɗago kai. Domna ce! Ta yi ƙiba, ta yi fari, amma idanun nan ne, ƙanana masu sanyi.

"Wannan fa?" ta tambayi soja.

"Ranki ya daɗe, ki bar wannan. Mijinta ta ba guba."

"Ita nake so. Ina son in ga ko irinsu na shiryuwa."

Sai da suka kaɗaita a kicin Ustinya ta buɗe baki. "Yaya Domna..."

Marin ya jefa ta jikin murhu.

"Uwargida za ki ce. Sunana Ustinya Zimina, marainiyar Allah da aka zalunta, duk arewa an sani. Mijina har kuka yake in na ba shi labarin yadda itace ya danne babana." Ta yi dariya tana cire safar hannu. "Sunan nan naki ya yi min daidai kamar tela ya auna. Ke kuma ga shi nawa ya karɓe ki, dubi yadda kika yi kyau."

"Kin ce in na warke za mu mayar."

"To kin warke ne? Ni ban ga alama ba. Af, Baffanki yana gaishe ki. Ya sayar da amyoyin, gidanku kuma ya rushe shi ya yi turken aladu da katakon. Ɗauki bokiti."

Abin da Ustinya ta gani a gidan nan ya sa ta riƙa kewar bakin kogi. A bakin ƙofa take kwana tare da kare. In burodi ya ƙone, mari. In bai gasu ba, mari. Sukari ya ɓata a kwano, aka mayar da ita gidan yari aka yi mata bulala, sannan aka tarar da shi a ɗakin uwargida, ba wanda ya ce mata sannu. Amma duk wannan bai kai zafin ranar waliyyiyar da aka sa mata sunanta ba, ranar da mahaifiyarta takan gasa mata burodi mai kabeji a ciki ta sumbace ta a goshi. Baƙi suka cika gidan da kyaututtuka, suna ɗaga kofuna suna cewa Allah ya ja kwanan Ustinya, ita kuwa tana tsaye a bayansu da tire, Domna na kallonta ta saman kofi tana murmushi. A ranar wani abu ya mutu a ƙirjinta, wani abu dabam ya tsiro a gurbinsa, baƙi, mai ƙaya. Ta daina roƙon Allah ya fitar da ita. Ta koma roƙon ya ba ta Domna a tafin hannunta, ko da sau ɗaya ne.

Ta fara wasa wuƙar yanka kifi fiye da yadda kifi yake bukata.

Ranar da ta kai wankin gida bakin kogi, Iya Fyokla ta dube ta sau ɗaya ta gane. "Idonki ya canza, 'yar nan. Me kike dafawa?"

"Zan soke ta, Iya. A maƙogwaro. Su rataye ni, ban damu ba."

"Su rataye wa? Domna za su rataye, su binne Ustinya da furanni da waƙa, mijin ya sa a rubuta sunanki a kan kabarinta. Kin ga kin ba ta har lahira." Tsohuwar ta matse riga da ƙarfi. "Wuƙa ai minti ɗaya ce. Ke da aka yi wa shekaru, minti ɗaya zai ishe ki? Buɗe idonki ki nemo abin da take tsoro."

Ustinya ta buɗe ido. Ta lura uwargida tana zuwa majami'a da kwalliya, tana kunna kyandir mafi tsawo, amma ba ta taɓa matsawa kusa da cokalin ba. Maigida da kansa ya faɗa a kan tebur, cikin damuwa, cewa tun da ya aure ta duk lokacin jibi sai ciwon kai ya kwantar da ita.

Sannan Safron Lukic ya fara ciwo. Amai, ƙishirwa, wuta a ciki, yatsu suna mutuwa. Likita ya ce ruwan wurin ne bai karɓe shi ba. Amma Ustinya ta taɓa riƙe wa wani mutum tasa yana irin wannan amai, a wani gida, a Olhofka... Washegari da la'asar ta leƙa ta tsagar ƙofa ta ga Domna tana kaɗa wani farin gari a kofin maigida mai shuɗin baki, sannan ta ɗaga murya: "Ke Domna, zo ki kai wa maigida shayinsa."

A nan ne komai ya bayyana mata. Ashe ba don mugunta kaɗai aka zaɓe ta a layi ba! Mace mai sunan mai ba miji guba, a cikin gida, ita ke kai shayi da hannunta. Ranar da dattijon ya mutu, wa za a nema? Ta tuna yadda uwargida take yawan gaya wa matar shugaban gidan yari cewa ita fa tana tsoron idon yarinyar nan. Domna za ta gaji gida da dukiya da sunan Ustinya, Ustinya kuwa ta hau igiya da sunan Domna.

Daga ranar, tsakanin kicin da ɗakin maigida, shayin yakan ƙare a bokitin toka, ta ɗauraye kofin ta zuba sabo. Dattijon ya fara samun sauƙi, har ya nemi miyar kabeji. Domna ta riƙa dubansa da mamaki, hannunta kuma yana ƙara nauyi a kan garin. Ustinya ta san ba za ta iya tare kowane kofi har abada ba. Ta jira Lahadin Yafiya.

Ranar ce ta ƙarshe kafin babban azumi, ranar da ake cinye man shanu da wainar bilini, kuma kowa yake durƙusa wa kowa ya nemi gafara, ubangida ga bara, bara ga ubangida, a amsa da cewa, "Allah zai yafe, ni ma na yafe." Bayan an taso daga majami'a, Fada Nikandar ya biyo gidan, da 'yar akwatin jibi ta marasa lafiya rataye a ƙirjinsa saboda maigida. Shugaban gidan yari da matarsa su ma suka zo. Likita ya tafi wani gari mai nisa, Domna ta tabbatar da haka tun jiya. Ta shiga ɗakin ajiya da kofi mai shuɗin baki, ta daɗe, ta fito ta miƙa wa Ustinya a gaban kowa.

"Haɗa da na baƙi ki kawo. Ki kula da na maigida."

Aka ci waina da kifi da zuma, aka sha shayi. Safron Lukic ya shanye nasa, Domna na satar kallonsa, ita ma ta shanye nata har ta kife kofin a kan faranti alamar ta ƙoshi. Sai aka tashi neman gafara. Maigida ya durƙusa da ƙyar a gaban Fada, ya durƙusa wa matarsa, har ya sunkuyar da kai ga Ustinya. Da layi ya zo kanta, ta zube a gaban uwargida, goshinta a ƙasa.

"Ki yafe min, uwargida, na yi miki laifi yau ɗin nan."

"Laifinki ai ba ya ƙirguwa," in ji Domna, baƙi suka yi dariya. "Wanne kuma?"

"Shayin maigida da kika haɗa da hannunki ya huce kafin in gama jera kofuna. Na san ke ba kya son mai zafi, sai na juye miki shi a naki, shi na zuba masa sabo. Ban nemi izini ba."

"Wannan ma laifi ne?" in ji shugaban gidan yari yana share mai daga gashin bakinsa. "Da irinsa fursunonina suke yi, da na yi ƙiba."

Ba wanda ya taya shi dariya, don duk sun ga fuskar uwargida. Jinin kumatunta ya janye kamar an zuƙe. Ta dubi kofin da ta kife, ta dafe maƙogwaro.

"Madara," ta ce can ƙasa. Sai ta ƙwalla: "Ku ba ni madara! Ku kira likita!"

"Likita ba ya gari, ke kika gaya min," in ji Safron Lukic a hankali, yana duban matarsa. "Me ke cikin shayina, Ustinya?"

Ba ta ji shi ba. Ta cusa yatsu a baki, ta kifar da kujera, ta zube tana birgima a kan katako. Wa ya fi ta sanin yawan abin da ta zuba? Wa ya fi ta sanin yadda ake mutuwa da shi? Tsoro ya kunna mata wutar da take jira a ciki, ta ji ta sosai, ta ji yatsunta suna sanyi. Ta rarrafa ta kama gefen rigar Fada Nikandar.

"Baba, mutuwa zan yi... kar ka bar ni in tafi haka, ka ba ni jibi."

Tsohon ya dubi Ustinya, wadda har yanzu take durƙushe, idanunta a bushe. Sannan ya buɗe 'yar akwatin, ya ɗaga cokalin.

"Baiwar Allah wa?"

Leɓunan Domna suka motsa, suka fara haɗa sunan da ta saba, suka kasa.

"Faɗi mana, uwargida," in ji Ustinya da murya mai sanyi. "Masu zuwa ɗaukarki suna son su san wa za su kira."

"Domna," ta fashe da kuka. "Domna Sizoba... ni ce Domna. Ni na kashe mijina Sizob, ni na sayi garin, ita ba ta san komai ba, mahaifina ne ya rantse a kan ƙarya. Na karɓe mata suna tana cikin zazzaɓi. Na zuba wa Safron... Baba, ba ni, ba ni kafin ya kai zuciya."

Fada Nikandar ya sauke cokalin ya mayar cikin akwati. Matar shugaban gidan yari ta yi alamar gicciye. Safron Lukic ya zauna daɓas.

Ustinya ta miƙe, ta shiga kicin, ta dawo da wani kwano da ta ɓoye a bayan murhu, ta ajiye a gaban shugaban.

"Ga shayin maigida nan, ranka ya daɗe, a ajiye wa likita. Ko ɗigo bai shiga kofin kowa ba." Ta juya ta dubi matar da ke ƙasa, gashi a barbaje, majina da hawaye sun haɗe. "Tashi, Yaya, ba za ki mutu ba. Wainar da kika cika ciki da ita ce take damunki. Ina za ki je? Akwai wanki yana jiranki a bakin kogi, shekarunsa ma ban rage miki da yawa ba."

Domna ta daɗe kafin ta gane. Da ta gane, ta yi wani irin kuka da ba na mutane ba, ta kamo ƙafar Ustinya. "Ƙanwata, yau ranar yafiya ce. Don darajar ranar nan..."

"Allah zai yafe," in ji Ustinya.

Kowa ya jira ragowar. Ta zare ƙafarta, ta fara kwashe kofuna.

Sai da ƙanƙara ta fara narkewa hukunci ya dawo daga birni. Aka wanke Ustinya Zimina daga laifin da aka ɗora mata tun farko. Aka ƙara wa Domna a kan shekarunta ashirin har iyakar ranta. Can a Olhofka aka kama Baffa Yermolai da rantsuwar zur a kan Linjila, aka ƙwace gonar, aka sa shi a ayari, da furfurarsa da ciwon gwiwarsa, ya tako hanyar nan da ya tura marainiya, ba mai wanke masa ƙafa. Safron Lukic, wanda ya warke sarai, ya durƙusa a gaban Ustinya ba ranar yafiya ba, ya ba ta ɗan gida a bakin gari da saniya mai ɗa, ya kuma roƙa aka sako Iya Fyokla ta ƙarasa wa'adinta a wurinta.

"Kuma ki lura," in ji tsohuwar tana dariya da dasashi, "ba ke kika warware musanya ba, ita ta warware da bakinta. Matan ɗakinmu suna nan suna jiranta, sun ce gashinta ya yi tsawo."

Safiyar da za ta tare, Ustinya ta bi ta bakin kogi. Ruwa ya fara gudu a ƙarƙashin ƙanƙara, matan suna durƙushe a jere da ƙyallayensu rawaya. Soja ya hura hannuwansa ya fara kira.

"Domna Sizoba."

Bakin Ustinya ya buɗe da kansa, kalmar ta taho har kan harshenta... ta datse leɓe. Daga can ƙarshen layi, wata mace mai gundulallen gashi, hannuwanta sun fara tsagewa, ta amsa da 'yar siririyar murya.

"Ga ni."

Ustinya ta kwance tsohuwar rigar fatar tumakin da aka saye ta da ita, ta sauka gaɓa, ta jefa a kan tulin wankin da ke gaban Domna.

"Taki ce, Yaya. Ki dirje ta sosai, ta sha datti."

Ta hau gaɓa ba ta waiwaya ba. Daga kan hanya Iya Fyokla, riƙe da igiyar saniya, ta buɗe maƙogwaro yadda duk Kamenka za ta ji: "Ustinya! Ke Ustinya, saniyar nan za ta cinye min zane!"

Ta tsaya cak a tsakiyar rana, a gaban sojoji da fursunoni da duwatsu, hawayen da ta hana fita ranar Lahadin suka ɓalle mata.

"Ga ni, Iya," ta ce. "Ga ni nan."